Labarin Zuciya: A Tambayi Fuska ko Mai Fuska?

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Magana ce da kowa ke aiki da ita, ya sani ko bai sani ba. Uwa takan dubi ɗanta ta gane ba shi da lafiya tun kafin ya buɗe baki, ɗan kasuwa kuma yakan karanta fuskar mai ciniki ya san ko zai ƙara wani abu ko ya kai iyakarsa. To amma fuskar da karin maganar ke nufi mai rai ce, tana motsi, tana sauyawa, kuma idan ka yi mata gurguwar fahimta mai ita yana nan zai gyara maka. Abin da nake so in bi diddiginsa a wannan maƙala shi ne halin fuskar da ke kan takarda, wadda wani ya zana da fensir, mai ita kuwa mace ce da ba ta kusa balle ta ce uffan. Idan muka tsaya a gaban irin wannan zane muka ce, "Wannan tana cikin baƙin ciki," ko "Wannan mace ce mai kunya da sanyin hali," labarin wa muke bayarwa? Nata ne, ko na mai zanen, ko namu? Kuma wane haƙƙi muke da shi na yanke hukunci a kan zuciyar da ba mu tambaya ba?

Tambayar ta wuce ta masu zane kaɗai. Akwai macen da aka shafe fiye da shekara ɗari ana ba da labarin zuciyarta daga zanen da wani ya yi mata, har labarin ya danne wanda ita da kanta ta bari. Sunanta Elizabeth Siddal, 'yar Ingila, an haife ta a Landan a 1829, ta rasu a 1862. Da ita zan auna wannan tambaya. Amma kafin a kai ga mai fuskar, ya kamata a fara sanin abin da fensir yake iyawa da abin da ba ya iyawa.

Bakin fensir wani baƙin ma'adini ne mai sulɓi da ake kira girafait, wanda aka samu mai yawa a Borrowdale ta arewacin Ingila a ƙarni na 16. A 1795, lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun wannan ma'adini daga Ingila, Nicolas-Jacques Conté ya fito da dabarar cuɗa garinsa da yumɓu a gasa, kuma a kan wannan dabara ake tafiya har yau. Idan yumɓu ya yi yawa, bakin ya yi tauri ya ba da layi siriri mai haske. Idan ya yi kaɗan, bakin ya yi taushi ya ba da baƙi mai kauri. Dukiyar mai zane ke nan gaba ɗaya: farin takarda, baƙin fensir, da toka-tokar da ke tsakaninsu. Ba shi da launin fata, ba shi da murya, ba shi da numfashi. Duk abin da zai faɗa game da mutum, da layi da inuwa zai faɗe shi.

Saboda wannan ƙarancin kayan aiki, zanen fensir zaɓi ne tun daga farko har ƙarshe. Fuskar mutum tana ɗauke da abubuwa barkatai, mai zane zai ɗauki kaɗan ya bar sauran. Yanayin zuciya kuwa, kamar yadda muke karanta shi, a wurare ƙalilan yake zaune: gefen baki, fatar ido, tsakanin gira, da yadda wuya ya riƙe kai. Ɗigon inuwa a gefen leɓe ya isa ya mai da natsuwa murmushi. A saukar da shi ƙasa kaɗan, murmushin ya koma ɗaci. A ja fatar ido ta rufe saman ƙwayar, mai kallo ya ga gajiya ko zurfin tunani; a ɗaga ta, ya ga mamaki ko firgita. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba. Daɗin daɗawa, macen da ta zauna sa'a guda ana zana ta, fuskarta ta ratsa yanayi iri-iri a cikin sa'ar: ta yi tunani, ta gaji, wuyanta ya ƙage, ta tuna abin dariya ta danne. Mai zane zai tsinci ɗaya daga ciki, ko ya harhaɗa wanda bai taɓa zama a fuskar a lokaci guda ba, ya tsayar da shi har abada. Ke nan abin da ke kan takarda hukuncin mai zane ne a kan fuskar da ya kalla.

Shi ma mai kallo ba ya zuwa hannu rabbana. Wajen shekarar 1920, wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya yi wani gwaji da ya shahara a tarihin fim. Kamar yadda labarin ya zo, ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta sau ɗaya da kwanon miya, sau ɗaya da gawar yarinya a cikin akwati, sau ɗaya da wata mace a kishingiɗe. 'Yan kallo suka yi ta yaba gwanintar ɗan wasan: a nan sun ga yunwa, a can sun ga alhini, a ɗayan sun ga sha'awa, alhali fuskar guda ce, ba ta sauya ba. Abin da aka ajiye a gefen fuska shi ke gaya mana abin da za mu gani a cikinta. A zanen fensir, inda sau da yawa rabin takarda fari ne fat, gurbin da aka bar wa mai kallo ya fi faɗi, kuma yakan cike shi da guzurin da ya zo da shi daga gida: labarin da ya ji, al'adar da ya tashi a cikinta, da abin da yake so mace ta kasance.

Wannan ya kawo mu ga matantaka, wato abin da ke sa a dubi zane a ce "wannan mace ce," har a ƙara da cewa "mace ce ta sosai." Wani ɓangare na abin yana da tushe a yadda ido ke aiki. A 2009 wani masanin halayyar ɗan Adam, Richard Russell, ya nuna hotuna biyu na fuska guda wadda ba ta karkata ga namiji ko mace ba. A ɗaya ya ƙara bambancin duhu tsakanin ido da leɓe da sauran fata, a ɗayan ya rage. Masu kallo suka ga ta farko mace, ta biyu namiji. Duk macen da ta taɓa rangaɗa kwalli ta san wannan a aikace, ko da ba ta taɓa jin labarin binciken ba. Mai fensir ma haka yake yi. Yakan danna fensir mai taushi a gashin ido da leɓe, ya bar kunci fes, ya murza inuwar muƙamuƙi da yatsa har kaifinta ya ɓace, ya siranta gira, ya ɗan tsawaita wuya. Dabaru ne da ake koya a wurin malami kamar yadda ake koyon kowace sana'a.

Ɗaya ɓangaren shi ya fi haɗari, domin ya shafi ɗabi'a. Kai a sunkuye, ido a ƙasa, hannu a kan cinya, baki a rufe: babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin ƙashin mace. Zama ne da aka zaɓa mata, ko ta zaɓa wa kanta a wannan sa'a. Amma da zarar an zana su sai su narke cikin fuskar, mai kallo ya kasa raba siffa da hali. Sai ya tafi yana cewa ya ga mace, alhali rabin abin da ya gani ra'ayin wani zamani ne game da yadda ya kamata mace ta zauna.

Yanzu sai mu koma ga Elizabeth Siddal. Tana aiki a shagon ɗinkin hulunan mata a Landan lokacin da wani matashin mai zane, Walter Deverell, ya gan ta wajen 1849 ya nemi ta zauna ya zana ta. Ta haka ta saba da wata ƙungiyar matasan masu zane da aka kafa a 1848, waɗanda suka sa wa kansu sunan da ke nuna suna bin tafarkin magabatan Raphael, shahararren mai zanen nan na Italiya. Ita ce ta kwanta a bahon ruwa da kayanta a jiki, John Everett Millais yana zana ta a matsayin Ophelia, yarinyar da ta nutse a wasan Hamlet na Shakespeare. Wata rana fitilun da ke ɗumama ruwan suka mutu, ba ta yi magana ba, shi kuma bai lura ba, ta kwashi sanyi mai tsanani har mahaifinta ya nemi a biya kuɗin likita. Daga baya Dante Gabriel Rossetti, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya zama malaminta kuma masoyinta, ta daina zama wa kowa sai shi. Hatta sunan gidansu sai da aka rage masa harafi, Siddall ya koma Siddal, kuma an ce shawararsa ce.

Tsawon shekarun 1850 Rossetti ya yi ta zana ta, da fensir, wani lokaci da alƙalami da tawada. Abokinsa Ford Madox Brown ya rubuta a littafin da yake ajiye abubuwan da suka faru da shi kullum, a 1855, cewa Rossetti ya buɗe masa durowa cike da zanenta, har ya ga abin ya yi kama da zautuwa. Da yawa daga cikin waɗannan zane-zane suna gidajen adana zane na Ingila a yau, har da waɗanda ya yi a garin Hastings na bakin teku a 1854, inda ta je neman lafiya. Wanda ya dube su a jere zai ga abu guda yana maimaituwa. Tana zaune a kujera, ko ta jingina da matashi; gashinta mai yawa an kama shi sako-sako; fatar idonta mai nauyi ta sauko; tana karatu, ko tana kallon ƙasa, ko idon a lumshe. Da wuya ta dubi mai kallo. Fensirin yana tafiya a hankali a kan fuskar, kamar mai tsoron ya tashe ta. Zane ne masu kyau na gaske, kuma ba na shakkar cewa da ƙauna aka yi su.

Mu ɗauki idon nan da ke kallon ƙasa mu miƙa shi ga masu kallo huɗu. Baturen zamanin Sarauniya Victoria, wanda a wurinsa rauni da rashin kuzari ado ne ga mace, zai ga tsarkin zuciya da laushin hali. Ni da na tashi inda ake yaba wa yarinya idan ta sunkuyar da kai a gaban manya, abin da zai fara zo mini shi ne kunya da tarbiyya. Likita zai ga mara lafiya wadda ƙarfinta ya ƙare, kuma yana da hujja, domin ta daɗe tana fama da ciwo. Mai zane kuwa, wanda ya san wahalar sana'ar, zai yi murmushi ya ce wanda za a zaunar sa'a guda ba motsi dole a ba shi abin da zai riƙe hankalinsa. A miƙa mata littafi, ido ya sauka da kansa. Ido guda, fassara huɗu, kowa da gaskiyarsa, kuma babu wanda ya tambayi mai idon.

Fassara ta biyar ita ta rinjayi sauran, domin mutuwa ce ta kawo ta. Sun yi aure a Hastings a 1860, bayan shekaru ana jan alkawari. A 1861 ta haifi 'ya mace babu rai. A watan Fabrairu na 1862 ta rasu tana da shekara 32, bayan ta sha lodanom fiye da ƙima, wani ruwan magani da ake haɗawa da ofiyom wanda ake sayarwa a fili a Ingila ta wancan lokaci. Binciken hukuma ya ce haɗari ne, ko da yake ba a daina ja-in-ja a kai ba. Rossetti ya sa littafin waƙoƙinsa na hannu a cikin akwatin gawarta a maƙabartar Highgate, sannan a 1869 ya sa aka tone kabarin aka ɗauko littafin, ya buga waƙoƙin a 1870. A tsakanin waɗannan shekaru ya zana ta da fenti a hoton da ya kira Beata Beatrix, fuska a ɗage, ido a rufe, tana bakin barin duniya.

Tun daga nan duk wanda ya dubi zanen 1854 sai ya ga 1862 a cikinsa. Kabari ya zama abin da aka ajiye a gefen fuskar, kamar akwatin nan na Kuleshov. Budurwar da ba ta wuce shekara 25 ba, tana karatu a kujera a wani gari na bakin teku, aka mai da ita mai jiran ajali. A ganina wannan zalunci ne, ko da kuwa da tausayi aka yi shi: a ɗauki ƙarshen mutum a shafa wa dukan kwanakinsa, kamar bai taɓa yin yini guda da ba ya fuskantar kabari ba.

Alhali akwai wasu shaidu, kuma ba ɓoyayyu ba ne. Elizabeth Siddal mai zane ce ita kanta, kuma marubuciyar waƙa. A 1855 John Ruskin, babban mai sharhin zane na Ingila a lokacin, ya yanka mata fam 150 a shekara domin ayyukanta. A 1857, da 'yan ƙungiyar da abokansu suka baje zane-zanensu a Russell Place ta Landan, ita kaɗai ce mace a cikin masu baje kolin. Mawaƙi Algernon Swinburne, wanda ya san ta a ƙarshen rayuwarta, ya riƙa tunawa da ita da raha da kaifin basira. Shi kansa Rossetti ya bar shaidar da ta saɓa wa sauran zanensa: a wani zane na tawada da ya yi a 1853, wanda ke Birmingham a yau, shi ne a zaune ana zana shi, ita kuwa ta duƙo gaba ta ƙura masa ido, hankalinta duk yana kan aikinta. Ƙanwarsa Christina Rossetti ma ta hango matsalar tun da wuri. A 1856 ta rubuta waƙa a kan ɗakin aikin wani mai zane da ya cika shi da fuskar mace guda, waƙar da masu nazari suka ɗauka a kan yayanta da Elizabeth take, kuma ba a buga ta ba sai a 1896, bayan rasuwar marubuciyar.

Babbar shaida ita ce hoton da Elizabeth ta zana na kanta da fentin mai tsakanin 1853 da 1854, wato a daidai lokacin da Rossetti ke cika durowarsa. A nan kanta a miƙe yake, baki a tsuke, fuskar doguwa ba a sassauta kaifinta ba, ido kuwa yana duban mai kallo ba tare da neman ya burge shi ba. Wanda ya ajiye wannan hoto kusa da zanen Hastings zai ji kamar an gabatar masa da mata biyu masu kama da juna, ɗaya ana kallonta, ɗaya tana kallo.

To, shin ma'anar wannan ita ce Rossetti ya yi ƙarya, ita ta faɗi gaskiya? Da haka ne da abin ya zo da sauƙi, amma adalcin da muke nema mata ya wajaba mu yi masa shi ma. Fatar ido mai nauyi tana nan a hoton da ta yi da hannunta. Ba shi ya ƙirƙira ta ba. Ciwonta gaskiya ne. Waƙoƙinta, waɗanda ba a buga ba sai bayan mutuwarta, cike suke da alhini, har Christina ta ga baƙin cikinsu ya yi yawa a haɗa su cikin littafinta. Bugu da ƙari, hujjar da mai zane ya kawo a kan idon da ya sauka tana aiki a kan idon da ya ɗago: wanda zai zana kansa madubi yake kallo, don haka dole idonsa ya fuskanci mai kallo, kuma tsuke bakin nan yana iya zama na mai da hankali ga aiki kawai. Hoton da ta yi wa kanta bai rufe shari'ar ba. Abin da ya yi shi ne ya zama shaida na biyu, wanda ya hana shaida na farko zama alƙali. Mace guda tana iya zama mai ciwo kuma mai barkwanci, mai alhini kuma mai buri, ta lumshe ido da rana ta ƙura shi da dare a kan aikinta. Takarda ɗaya ba za ta ɗauke wannan duka ba.

Wani zai ce zane ba kotu ba ce. Aikin fasaha mallakar mai yin sa ne da mai kallonsa, kowa yana da 'yancin jin abin da ya ji, kuma idan aka ce sai an tantance gaskiyar kowace fuska kafin a ji daɗin zane, an kashe fasaha. Na yarda da rabin wannan magana. Idan mai zane ya ƙirƙiro fuska daga kansa ya kira ta "Kaɗaici," babu wadda aka ci amanarta. Amma zanen da ke ɗauke da sunan mutum ya shiga wani matsayi dabam, ya zama magana a kan wani bawan Allah da ya rayu. Akwai rata mai faɗi tsakanin in ce "zanen nan yana sa ni jin kaɗaici" da in ce "matar nan mai kaɗaici ce." Magana ta farko a kaina take, kuma ina da cikakken iko da ita. Ta biyu shaida ce a kan wata, kuma ba a ba da shaida a kan abin da ba a sani ba. Mutanenmu sukan ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma ban ga dalilin da zai sa hukuncin ya faɗi don kawai zaton ya zo cikin layi mai kyau ba. Hasali ma kyawun zanen shi ke ƙara masa ƙarfin ruɗi, domin abin da ya burge ido ba a cika tuhumarsa ba.

Wani kuma zai bi ta ɗaya gefen ya ce, tun da haka ne, a daina karanta fuska gaba ɗaya, a tsaya ga abin da baki ya furta. Wannan ya fi na farko muni. Mutane da yawa, musamman mata a wurare da yawa, an koya musu haɗiye magana, kuma fuska ce kaɗai ƙofar da ta rage musu. Wanda ya ƙi duban ta ya bar su ba mai ji. A nan ne labarin bahon ruwan nan yake da darasi. Babu wanda ya ƙura wa fuskar Elizabeth ido a wannan rana kamar Millais. Sa'o'i ya yi yana auna kowane layi nata. Duk da haka bai ga tana jin sanyi ba, domin Ophelia yake nema a fuskar, kuma Ophelia ya samu. Laifinsa bai zo daga yawan kallo ba. Ya zo ne daga kallon da ya riga ya san abin da yake so ya gani, kallon da ba ya ƙarewa da tambaya.

Ina ganin a nan amsar take, kuma tana cikin karin maganar da muka fara da ita, idan aka saurare ta da kyau. Cewa aka yi a tambayi fuska. Tambaya kuwa tana nufin mai yin ta bai sani ba tukuna, yana jiran amsa, kuma a shirye yake amsar ta saɓa wa zatonsa. Karatun fuska mafarin bincike ne. Idan mai fuskar tana raye, mataki na gaba shi ne a ji ta bakinta. Idan ta riga mu gidan gaskiya, sai a nemi abin da ta bari da hannunta da abin da waɗanda suka san ta suka faɗa, a jera shi kusa da zanen, a bar saɓanin da ke tsakaninsu a buɗe.

Wannan ladabi ya shafi rayuwarmu fiye da yadda ya shafi gidajen adana zane. Sau nawa ake kiran yarinya a gaban manya a gaya mata an yi mata miji, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, a tashi ana cewa ta amince? Gaskiya ne shari'a ta ɗauki shirun budurwa a matsayin izininta, saboda an san kunya kan hana ta furtawa. Amma malaman Malikiyya sun ce an so a sanar da ita tun da farko cewa haka za a fassara shirun nata. Wato su ma ba su sakankance da sunkuyar da kai shi kaɗai ba. Sun so mai shirun ta san abin da ake karantawa a fuskarta, domin ta samu damar gyarawa. Kai a sunkuye yana iya zama yarda, yana iya zama tsoro, yana iya zama gajiya da musun da aka san ba za a ci ba. Wanda ya zaɓi fassarar da ta fi yi masa daɗi ya kira ta kunya, abin da Millais ya yi shi ya yi, kuma sanyin da za a kwasa a nan ya fi na bahon ruwa daɗewa a jiki.

Mai zane ma yana da nasa nauyin. Ba na neman ya daina ƙauna, ko ya daina zaɓi, tun da mun ga zane ba ya yiwuwa sai da zaɓi. Abin da nake nema shi ne ya san cewa duk lokacin da ya murza kaifin muƙamuƙi ko ya saukar da fatar ido, magana yake yi a madadin wadda ke zaune a gabansa, kuma maganar za ta iya fin su duka biyu tsawon rai. Wanda ya zana mace sau ɗari a zama iri ɗaya ya kamata ya tambayi kansa ko ita ce ba ta sauyawa, ko shi ne ba ya ganin sauyin.

Adalci ya zo wa Elizabeth Siddal a makare. Sai a 1991 aka baje ayyukanta ita kaɗai a Sheffield, bisa ƙoƙarin mai bincike Jan Marsh, shekara 129 bayan mutuwarta. A 2023 gidan adana zane na Tate da ke Landan ya jera ayyukanta tare da na mijinta a babban baje koli. Zanen fensir na Hastings ba su rasa kyawunsu ba saboda haka. Ina ganin ma sun ƙaru, domin yanzu mai kallo ya san hannun nan da ke kwance a kan cinya hannun mai sana'a ne da ke hutawa, kuma idon da ya sauka ido ne da ya iya auna fuska kamar yadda ake auna tasa.

Ana cewa hali zanen dutse, ba ya kankaruwa. Ko da haka ne, abin da muka fahimta game da halin wani ba shi ne halin ba, don haka bai cancanci a sassaƙa shi a dutse ba. Da fensir ya kamata mu rubuta shi, mu bar magogi a kusa, har zuwa ranar da mai fuskar za ta yi magana.